Shekarar da Tanko Ya Sa Gwiwa a Ƙasa

Bana ruwan sama ya nuna mana halinsa. Ya sauko da wuri, muka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta washe kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife. Da safe iska mai ɗan sanyi ta taso, kowa ya ɗaga kai. Kafin azahar ta mutu, ganyen gero ya naɗe, ƙasa ta riƙa ƙona tafin ƙafa. A cikin wannan ɗaukewar ruwa ne ɗana Tanko ya zo daga Dogon Dutsi a kan babur, da ɗansa Nasiru a baya, ya rungume ƙwallo kamar an ba shi riƙon jariri.

Tanko walda yake yi a bakin kwalta, ba ya rufe rumfarsa ya zo ƙauye haka kawai. Na ba shi ruwa, na bar shi ya gama gaishe-gaishensa.

"Inna, wata magana ce ta kawo ni."

"Na sani. Ai ba kewata ta ɗauko ka ba."

Ya yi ƴar dariya, ya faɗa mini. Wai wani mai koyar da ƙwallo, su antirenar suke ce masa, ya ga Nasiru yana wasa da yaran unguwa a filin bayan lakwal, wato makarantar boko, ya bi shi har gida. Yana so a ba shi yaron ya kai shi Yamai, wani gida da suke tara yara, su ciyar da su, su ba su takalma, su riƙa yawo da su gari-gari ana wasa. Yaron da bai gama famfarar haƙori ba.

"To, mi kinka gani, Inna?"

"Ni za ka tambaya? Ni da na hana ka?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Wannan shirun na san shi, mun fi shekara talatin muna zaune da shi ni da Tanko. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina ban iya yi wa magana ado ba, yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Shekarar da nake nufi, kakar da ta gabace ta tsutsa ce ta cinye zangarniya tun tana tsaye. Abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Kafin ruwan farko ya sauka, maigidana Arzika, Allah ya jiƙansa, ya shiga rumbun ya fito da ƙura a gira, ya miƙo mini abin da ya sharo a ƙasa. Iri kuwa yana cikin tulu an liƙe bakinsa da laka, ko mutuwa za mu yi ba mai taɓa shi. Mu biyar ne a gidan: ni da shi, ƴan mata biyu, sai Tanko autansu, namiji ɗaya tilo.

Wanda bai ga irin wannan damina ba yana zaton yunwa ihu take yi. Shiru take yi. Garinmu da asuba tun kafin zakara ya gama, taɓarya ce ke tashin mutum, gida-gida kamar ana amsa wa juna. A shekarar nan sai ka wayi gari ka ji turmi ɗaya can nesa, ya yi ƴan bugu ya tsaya, kowa ya san gidan wa ne, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Ina tashi in tafi rijiya. In na dawo in ɗebi gero cikin tafin hannu, in haɗa da dusa, in daka, in dama da ruwa mai yawa. Sunansa fura, amma kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Kowa ya kurɓa, maigida da Tanko su saɓa hauya. Ƴan matan su shiga daji neman tafasa da yaɗiya. Ni kuma in zauna da anza. Ƴaƴan anza ɗaci gare su mai juya hanji, sai an jiƙa su, a zubar da ruwan, a sake wani, kwana da kwanaki, har ɗacin ya yarda ya fita. Warin ruwan ya kama zanena, ya kama gashina, ko a masallaci aka wuce da mutum ana sanin gidansu anza ake ci. Da rana ta yi tsaka in bi su gona. In na sunkuya na miƙe sai taurari su cika mini ido, in dafa ƙotar hauya har su wuce. Da yamma a dafa ganye, a zuba anza, a barbaɗa gishiri, a ci a kwanta da wuri don kada ciki ya tuna.

Duk da haka ba a fasa gayya ba. Ciyawa ba ta san ana yunwa ba. Wanda ke da ɗan abin damawa sai ya kira, maza su jeru da hauyoyi daga wannan bakin gona zuwa wancan, makaɗi na binsu a baya da ganga yana zuga mai sauri yana zagin malalaci. Mu mata mu ɗauko ƙorai a kai. Idan aka zauna hutu a ƙarƙashin tsamiya, sai yara su share rairayi su kama kokawa. Tamu ta gida tana da tsari. Sa'a da sa'a ake haɗawa, waɗanda aka yi wa kaciya tare. Wanda ya gaji ya ce ya isa, ba mai yi masa dariya har gobe. Wanda kuma ya kayar, shi zai miƙa hannu ya ɗaga ɗan'uwansa, ya kakkaɓe masa rairayin baya, su tafi su sa kai a ƙwarya ɗaya.

Tanko siriri ne kamar karan gero, amma ƙafarsa in ya kafa ta sai ka ce saiwa. Ba ƙarfi ba ne. Yana jin inda mutum ya jingina nauyinsa, sai ya janye wurin kawai, ka ga yaro a ƙasa yana mamakin yadda aka yi. Kuma da dariya yake kokawa, baki buɗe, wushiryarsa a waje, har dattawa na ce masa ya rufe kada ya ci ƙasa.

Ranar gayyar gonar yayan maigidana, akwai baƙo a ƙarƙashin tsamiyar. Barmu sunansa, tsohon ɗan kokawa ne daga Dogon Dutsi, wuya kamar turmi, kunne ɗaya a murɗe. Sana'arsa ke nan: ya zaga ƙauyuka da damina ya tsinci yara, ya kai su gidansa ya ciyar da su, ya riƙa gwada su ranar kasuwa, in kaka ta yi ya fita da su har ƙetaren iyaka. Ya kalli Tanko ya kayar da sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ya matsa kusa da maigida yana magana ƙasa-ƙasa.

Da yamma ina tsame anza maigida ya zo ya tsuguna kusa da murhu, abin da ba ya yi.

"Kulu, mutumin ga shina son Tanko."

"Ni ma ina sonshi. Ni na riga shi."

"Ki bari in gama. Ya ce safe, rana, dare, ci ukku. Da nama ran kasuwa."

"In ya karya mishi wuya fa, naman zai ɗora shi?"

Bai ɗaga murya ba, Arzika ba mai ɗaga murya ba ne. Cewa ya yi, "Juya ki dubi yaron."

Na juya. Tanko na tsugune bakin randa yana wanke ƙafa, ba riga. Haƙarƙarinsa duk a waje, kafaɗunsa kamar za su huda fata. Na daɗe ina kallonsa. Washegari ni da hannuna na wanke masa rigarsa na ƙulle a tsumma. Abu ɗaya na ce wa Barmu: duk ranar da suka zo kasuwar Kore Mairuwa, zan zo in gan shi da idona. Ya ce, "Ki zo, uwar zaki. Ba za ki gane shi ba."

Bayan tafiyarsa ƙwaryar gidan ta riƙa isa. Ƴan matan suka samu ƙarin loma. Ina ganin haka sai in ture ƙwaryata gefe. Muka yi maimai, noma na biyu, ba ya nan, ni na ɗauki hauyarsa, ƙotar gajeriya ce, bayana ya gaya mini.

Da labari ya zo cewa za su yi wasa a Kore Mairuwa, na ɗaure tabarmin kaba da na saƙa na kama hanya tun da sassafe. Rana ce mai gumi, irin wadda zane ke manne wa mutum a cinya. Ban ma sayar da tabarmin ba, ganga na ji a bayan kasuwar dabbobi na bi ta. Mutane sun yi da'ira. Na kutsa, na sauke kayana a gaba, na tsaya a kansu.

Barmu bai yi ƙarya ba. Da ƙyar na gane ɗana. Kumatu sun fito, ƙwauri ya cika, an shafa masa mai yana ƙyalli, an ɗaura masa layu a damtse. Wallahi hawaye suka zo mini, na ce a raina alhamdu lillahi, maigida ya fi ni gaskiya, in gan shi in koma. Aka fito masa da wani yaron garin, bai ɗauki lokaci ba ya shimfiɗa shi. Jama'a suka yi ihu. Sai na ga hannunsa ya motsa zai miƙa, ya tsaya, ya dubi inda Barmu yake, ya mai da hannun baya ya juya. Aka kawo na biyu, haka. Bakinsa a rufe gam. Ban ga wushirya ba ko sau ɗaya.

Da yaran garin suka ƙi fitowa, sai Barmu ya haɗa nasa da nasa don kada taro ya watse. Aka fito da wani dogon yaro mai siririn wuya, Ɗan-Ladi, shi ma na gidan Barmu ne, amma shi man da aka shafa masa ƙashi yake haskawa. Suka kama. Na ga Tanko ya samu inda yake so, na san kamun, a tsakar gidana ya koye shi yana kayar da ƴan'uwansa. Saura ya janye ƙafa kawai. Sai ya saki jiki, gwiwoyinsa biyu suka sauka a rairayi. A kokawa wannan kaye ne. Makaɗi ya juya kiɗa, mutane na cewa yaro ya gaji, zamewa ya yi.

Ni na haife shi. Wannan ƙafar ba ta zamewa a busasshen rairayi.

Da aka tashi na bi su bayan wata rumfa. Aka kawo babban tire na shinkafa da wake, mai na naso, da tsokar nama a sama. Ƙamshin ya buge ni har sai da na dafa ginshiƙi. Yara suka kasu biyu ba tare da kowa ya ce musu komai ba. Waɗanda suka kayar suka zauna a bakin tire. Waɗanda aka kayar suka koma gefe suka tsaya, kowa da ƴar ƙwarya a hannu, suna jiran abin da zai saura. Tanko na cikin na tsaye. Ɗan-Ladi na zaune yana cusawa ba ya ko taunawa, idonsa a ƙasa.

Ban san lokacin da na isa gaban Barmu ba.

"Wanga wane irin ci ne?"

"A'a, uwar zaki, kin iso? Kin ga ɗiyanki yadda ya koma?"

"Na gani. Tambayarka nika yi. Waɗanga na tsaye, azumi suka yi?"

"Haka anka yi mini, haka anka yi ma wanda ya koya mini. Yaron da ya san in ya hwaɗi cikinshi zai ji, ba ya hwaɗuwa da wasa. Ba mugunta ba ce, Kulu. Gobe ya kayar ya zauna."

"In ya zauna, wa zai tsaya?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi abin da ya sa rana ke fitowa. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba: bai daki ɗana ba, bai zage ni ba, kuma naman da ke jikin Tanko daga tukunyarsa ya fito. Na je na kama hannun yaron, na ƙwace ƴar ƙwaryar na ajiye a ƙasa.

"Ubanshi ya ba ni shi," in ji Barmu.

"To ka tahi ka gaya ma ubanshi uwar ta amshe."

"Ke dai kina da zahin kai. Ki bar mini yaron ga, wata rana a rediyo za ki ji sunanshi."

"Ina jin sunanshi kullum in na kira shi cin tuwo."

Ya yi murmushi, ya dubi ƙafafuna da suka yi fari da ƙura, ya dubi tabarmin da ban sayar ba, ya ce, "Wane tuwo?"

Mutanen wurin suka kwashe da dariya. Na ɗora kayana a kai, na ja ɗana muka fita ta tsakiyar dariyar.

Mun yi nisa a hanya kafin in ce, "Mi ya sa ka sa gwiwa ƙasa?"

"Ɗan-Ladi ya daɗe bai zauna ga tire ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai yi kuka ba, bai yi murna ba, yana tafe a bayana kamar akuyar da aka sayo.

Maigida na gyaran danga muka shiga. Ya dubi yaron tun daga kai har ƙafa, ya dube ni, ya ce, "Kin maido shi ga mi, Kulu?" Na ba shi labarin tire. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ya koma kan dangarsa. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi.

Kamar jira ake in dawo da shi, ruwa ya ɗauke. Gero ya yi ciki, lokacin da ya fi bukatar sha, sai sama ta bushe. Kullum hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, ya yi tsawa, iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Ganye ya fara ja daga ƙasa. Tafasar kusa ta ƙare, ƴan matan sai sun yi nisa kafin su cika zane. Ni kuwa aikina kallon Tanko. Kumatun da Barmu ya sa masa na ga suna narkewa a gaban idona, yau kaɗan gobe kaɗan, har haƙarƙarin nan suka dawo ɗaya bayan ɗaya kamar sun je unguwa. In na tura masa rabona sai ya turo mini, mu yi ta turawa har ƙanwar babansa da ke leƙowa ta ce in ba mu so ita tana so.

A bakin rijiya mata ba su ɓoye mini ba. "Kulu mai zuciya, an ba ɗiyanta shinkahwa ta ce anza ta hi daɗi." Na ce da mai maganar ta ja gugarta ta bar ni, amma da na dawo gida na shiga bayan rumbu na zauna. Idan geron nan ya mutu, ni na ɗauko yaro daga bakin tire na kawo shi. Ba wanda zai raba wannan da ni, ko maigida.

Maza suka fita bayan gari roƙon ruwa, riguna a juye. Tsofaffin mata suka bi tasu hanyar zuwa gindin icen da iyayensu ke zuwa. Ni duk wanda ya fita ina ce masa Allah ya karɓa, ban tsaya zaɓe ba.

Ranar da ruwan ya zo, zafi ya yi zafin da kaji suka buɗe baki suka saki fukafukai. Na ga tururuwa na kwasar ƙwai tana hawa bango, ban gaya wa kowa ba don kada in ji kunya. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi har ƙasa. Iskar ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigo ɗaya ya faɗo. Sannan ya sauko, manyan ɗigo masu zafi a fata, sannan kamar an kwance bakin salka. Ba wanda ya shiga ɗaki. Na tsaya a tsakar gida ruwa na bin wuyana yana wanke warin anza, ina ta faɗin abin da ban ma san ina faɗa ba. Maigida ya zo ya wuce ta gabana da tulu, ya ce, "Ki shiga ciki, in kin kwanta ciwo wa zai yi mini hwaɗa?" Daga nan na san ya sauko daga fushinsa.

Gero ya fid da kai, ya yi bununi, ya yi ido. Ranar tumun farko na hura wuta a bakin gona, na gasa zangarniya, na murje a tafin hannu na hure ƙaiƙayin, na zuba wa Tanko a nasa hannun tun da zafi. Ya watsa a baki yana hura iska. Ba a cika rumbu ba a shekarar, amma an rufe gindinsa, turame suka dawo da amsa wa juna da asuba. Bayan an gama ɗaurin dami aka share dandali, da la'asar yara suka fito. Tanko ya kayar da sa'ansa, ya miƙa hannu ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa baya. Na ga wushirya.

Da a nan abin ya ƙare da ban rubuta shi ba. Ɗan-Ladi ya zauna wurin Barmu, wuyan nan ya cika, ya zama ƙato. Shekaru suka wuce, sai ga sunansa a rediyo lokacin kokawar ƙasa, makaɗa na yi masa kirari. Tanko, lokacin ya yi gemu, yakan ɗauki rediyon ya manna a kunne ya koma bayan ɗaki. In an gama ya kashe, ya fito. Ya yi kokawarsa ta dandali har ya yi aure ya bari. Bai taɓa ce mini kin cuce ni ba. Bai kuma taɓa ce mini kin kyauta ba. Ni ban yi nadama ba, ko yau aka mai da ni bayan rumfar nan hannunsa zan kama. Amma duk ranar da ya fito daga bayan ɗaki da rediyon nan, tuwona ba ya shiga.

To ga shi bana ya zo yana tambayata mi na gani.

Washegarin zuwansu muna zaune a rumfa, ina tsinkar tafasa, yanzu don marmari nake cinta. Nasiru ya tara yaran gari a fili, sun kafa duwatsu, awaki na ratsa su. Ban san kan ƙwallo ba, amma na ga abin yana bin ƙafarsa kamar an ɗaure da zare, yana wuce manya yana ƙyalƙyala dariya, ana ta gardama ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Tanko ya ce, "Inna, na riga na tahi Yamai na ga gidan."

"Ka duba inda suka cin abinci?"

"Can na hwara. Kowa da kwanonshi, wanda ya ci da wanda anka ci, duk ɗaya. Gida mai kyau ne, ba ni da abin cewa. Sai dai in shekara ta ƙare, wanda bai yi musu ba sai a ba shi jakarshi. Na ga yaran suna wasa, ba mai kallon ƙwallo kamar yadda suka kallon antirenar ɗinsu mai hula da ke bakin hili."

"Shi yaron mi ya ce?"

"Ya ce shina son takalman. Kuma ya tambaye ni ko za a riƙa maido shi gida ya kwana."

Na yi dariya har tafasa ta zube.

"Na ce ma mutumin a bar mini shi tukuna. Ya yi lakwal ɗinshi, ya yi wasanshi na unguwa. In muryarshi ta buɗe shina so har yanzu, ya hwaɗi da bakinshi, ni zan kai shi da kaina. Takalma kuwa na saya mishi."

"To in ka riga ka yanke, mi ya sa ka ƙone mai ka zo kana tambayata?"

Ya sake ɗaukar tsinken nan nasa. Na ce a raina shirun ya dawo. Sai ya ce, "Ran Kore Mairuwa, na gan ki tun sa'ad da kinka sauke tabarmi."

Na tsaya da hannu cikin ƙwarya.

"Maganar Ɗan-Ladi gaskiya ce. Amma na sha ganin yunwarshi ina kada shi, don ni ma cikina nika ji. Ran nan dai na ga kin zo. Baba ya riga ya ba da ni, Barmu na tsaye, ba ni iya buɗa baki in ce a kai ni gida. Na ce in na sa gwiwa ƙasa, duk kasuwar nan ba mai ganewa sai ke."

"Rediyon fa? Kana shiga bayan ɗaki kamar an yi maka mutuwa?"

"Inna, hayaniyarki ce ba ta bari a ji kokawa."

Ludayi ne kusa da ni, shi na ɗauka na kwaɗa masa a kafaɗa, mutum da furfura a gemu yana karewa yana dariya, wushirya a waje. Na ce, "Ɗan banza, shekara da shekaru ka bar ni da wanga abu a ciki, bakinka ciwo shika yi?" Ya ce shi ya zaci na sani, ai ni na zo na kama hannunsa.

Har yanzu ruwan bana bai dawo ba, ganyen gero na nan a naɗe, gabas dai ta fara ɗan duhu da yamma. Na tashi na tuƙa tuwo a babbar tukunya, na kwashe a tire ɗaya, na fita bakin ƙofa na ƙwala wa yaran kira, su duka, da na Dogon Dutsi da na gari. Suka shigo da ƙura har gira suna ture juna.

Nasiru ya ce, "Kaka, ba ki tambayi wa ya ci ba."

Na ce, "Wanke hannu ka zauna."